Kimiyya a Hannu: Injin Iskan da Ya Kusa Tafiya Gwangwan

Da fatan kowa ya koma aji lafiya bayan dogon hutu, kuma waɗanda suka yi alƙawarin riƙe littafi a cikin hutun sun cika ko da rabin alƙawarin ne. Ni dai nawa hutun a zauren wani gida na ƙarar da shi, hannu dumu-dumu da baƙin mai. Abin da ya kai ni can shi ne zai cinye filin namu na wannan mako, don haka masu wasiƙu ku yi mini haƙuri sai mako mai zuwa.

Ana saura kwana biyu a ba da hutu, wani ɗalibina ɗan SS2 ya tsaya bayan an tashi darasi. Yaro ne mai shiru-shiru, ba ya cikin masu ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, don Allah ko za ka iya duba mana injin iska?" Na ce wane iri? Ya ce irin na masu faci. Mahaifinsa ya yi shekaru yana faci a bakin titi, da wannan sana'a ya ciyar da su ya sa su makaranta, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi bara. Tun kafin ciwon injin ya fara gazawa, sai ya yi ta ƙara amma tanki ba ya cika. Yayan yaron ya iya aikin, sai dai ba kayan aiki, yana zaman yaron shago a wurin wani, abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba. 'Yan gwangwan kuwa sun zo sau biyu sun taya, da kilo za su saya. Mahaifiyarsu ta ce idan hutu ya ƙare injin bai tashi ba za ta sallama musu, saboda kuɗin magani ba ya jira. Ban ga laifinta ba.

Da na je na tarar da shi a lungun zaure an lulluɓe da tsohon buhu. Sassa uku ne, kamar kowane injin mai faci: ƙaramin injin fetur irin na markaɗe, sai tanki a kwance, sai kuma kan da ke matsa iskar, wanda makanikai ke kira kwamfireso. Wannan kan shi ne zuciyar abin. Yayan yaron ya riga ya ɗauko sifana zai fara kwance noti. Na ce ya ajiye tukuna. Wanda ya kwance injin da bai san ko wane iri ba ne, ƙarshenta buhun ƙarafa zai kai kasuwa yana tambayar mutane ko sun gane.

Kafin mu ci gaba, bari mu fahimci abin da kan yake yi. Ku sami sirinji marar allura, ku ja shi ya cika da iska, ku toshe bakin da yatsa, sannan ku danna. Za ku ji yana ture ku, kuma duk yadda kuka ƙara dannawa, turin ƙaruwa yake yi. Abin da Robert Boyle ya bayyana ke nan a shekarar 1662, bayan gwaje-gwajen da ya yi a Ingila tare da mataimakinsa Robert Hooke: idan zafi bai canza ba, ka matse iska ta koma rabin wurin da take ciki, matsinta zai ninka biyu. Kan injin iska sirinji ne na ƙarfe. Fistan yana sauka a cikin silinda ya zuƙo iska daga waje, ya hau ya matse ta ya tura ta tanki. Abin da ya fi sirinji da shi bawul ne guda biyu a saman kowace silinda, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Ba irin bawul ɗin injin mota ba ne da ake dannawa. 'Yan siraran ƙarafa ne kamar reza, iskar ce da kanta take buɗe su take rufe su, kuma kowanne hanya ɗaya kawai yake bari a bi. Matsa iska yana haifar da zafi, wanda ya taɓa ba keke iska da famfon hannu ya sani. Shi ya sa za ku ga jikin silindar da layi-layi kamar haƙarƙari, don zafin ya sami wurin fita.

To, wane iri ne namu? Abu na farko da ake nema shi ne ɗan allon ƙarfen da kamfani ke liƙawa, mai ɗauke da suna da lamba. Namu ya daɗe da faɗuwa, sai ramukan ƙusoshinsa biyu. Muka wanke jikin da kananzir da tsohon burushin haƙori ko za mu ga lambar da ake zubawa a jikin ƙarfen tun daga maƙera. Muka sami wasu lambobi da ba su gaya mana komai ba. Daga nan sai aikin ido da awo.

Tambayar da na fara yi wa injin ita ce: daga ina kake samun mai? Wannan tambaya tana da muhimmanci a ƙasarmu, domin masu faci da yawa suna amfani da kan da aka ciro daga manyan motoci. Tirela da manyan motocin kaya da iska suke taka burki, dabarar da George Westinghouse ya yi wa rajista a Amurka a 1869 don jiragen ƙasa, saboda haka kowace tana da nata kwamfireso. Amma irin wannan a jikin injin motar yake rayuwa. Injin ne ke turo masa mai ta wani siririn bututu, man ya zagaya ya koma, kuma da yawansu har ruwan lagireto ake bi da shi ta kansu don sanyaya su. Idan ka ciro shi ka ɗaura masa bel ba tare da ka yi masa dabarar mai ba, zai yi aiki na ɗan lokaci ya ƙame. Namu ba haka yake ba. Yana da tukunyar mansa a ƙasa, da murfin zuba mai, da ɗan gilashi zagayayye da ake leƙa yawan man. Ke nan don wannan aiki aka ƙera shi, kuma daga baya da muka buɗe muka ga ɗan cokalin ƙarfe a gindin kowane kwanrod, wanda ke tsoma kai cikin man yana fantsama shi ko'ina. Wannan ne dalilin da ya sa irin wannan kai ba ya son a girka shi a karkace: man zai taru gefe guda, cokalin ya riƙa dukan iska.

Tambaya ta biyu: sau nawa kake matsa iskar? Silinda biyu ne da shi, sun buɗe kamar harafin V. Idan da ɗaya babba ce ɗaya ƙarama, da wani bututu mai layi-layi ya haɗa su, to da mai hawa biyu ne: babbar ta matsa ta miƙa wa ƙaramar ta ƙara matsawa, irin wannan yakan kai psi 175. Namu silindun girmansu ɗaya, kuma kowace da nata matacin iska. Mai hawa ɗaya ne ke nan, aikinsa wajen bar 8. Bar ɗaya kimanin psi 14.5 ne, don haka bar 8 ya kama psi 116. Tayar ƙaramar mota psi 30 zuwa 35 take sha, kun ga ya isa har da rara.

Tambaya ta uku sifana ce ta amsa ta. Lamba 10 da 13 da 17 duk sun zauna daram a kan notocin. Da a ce tsohon kai ne na Amurka, irin Type 30 na kamfanin Ingersoll Rand da aka fara ƙerawa a 1929 kuma har yau ake yin sa, da notocin na inci ne. Za ku gane haka idan sifana 13 tana ɗan rawa a kan noti, domin rabin inci milimita 12.7 ne. Wannan 'yar rawar ita ce ke cinye kan noti, ta mai da aikin minti biyu ya koma na wuni guda.

Sai da muka gama wannan duka sannan na bar su suka kwance. Ga sharuɗɗan da na gindaya, kuma su ne zan gindaya wa duk wanda zai taɓa inji a cikinku. A tabbatar babu iska ko kaɗan a tanki. A cire wayar fulogi, ko a zare soket idan na lantarki ne. A ɗauki hoto da waya kafin a cire kowane abu. Kayan silindar hagu a kwano ɗaya, na dama a wani kwanon, kada a gauraya. Notocin kai kuma a sassauta su kaɗan-kaɗan a gicciye, wannan kusurwa sannan mai kallonta, don kada ƙarfen ya lanƙwashe.

Man muka fara tsiyayewa a farin kwano, saboda mai yana ba da labari. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Idan yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, wani abu yana cin wani a ciki. Namu baƙi ƙirin ne, mai kauri kamar kunu, ƙyallin kaɗan ne. Na ji sanyi a raina.

Da kai ya fita, na miƙa wa ɗalibin ma'aunin baniya da na aro daga ɗakin gwaje-gwaje, wanda kuke ƙorafin ba ku san amfaninsa ba sai a jarrabawa. Ya auna faɗin bakin silinda: milimita 65. Muka juya fuli har fistan ya sauka ƙasa ƙarshe ya auna zurfin, muka juya ya hau sama ƙarshe ya sake aunawa. Bambancin, wato tafiyar fistan, milimita 46. Nan take na gane ɗan gidan su wane ne. Akwai jinsin kawuna da aka fi ƙerawa a ƙasar Sin, da ake kira 2065: lambar farko yawan silinda, biyun ƙarshe faɗin silinda. A kan wasu za ku ga an rubuta V-0.25/8, ma'ana siffar V, lita 250 na iska a minti, matsi bar 8. Kamfanoni barkatai suke yin su da suna daban-daban amma awo ɗaya, shi ya sa kayansu ba sa wuyar samu.

Ban yarda da ƙwaƙwalwata kawai ba, na sa shi ya yi lissafi a bangon zaure da gawayi. Rabin faɗi santimita 3.25. A ninka shi da kansa, a ninka da 3.14, a ninka da tafiyar fistan santimita 4.6. Ya sami kusan 153. Silinda biyu, 305 da ɗoriya, wato kusan sulusin lita a kowane juyi. Irin wannan kai wajen juyi 1,000 yake yi a minti, ke nan lita 305 a minti a kan takarda. A aikace ba ya ba da duka, saboda kullum akwai 'yar iskar da ke maƙalewa a saman fistan ta ƙi fita, ga zafi, ga ɗan yoyo. Idan aka cire wannan asara, 250 ɗin da ake rubutawa ya yi daidai. Lissafi da awo sun gaskata juna, mun san da wa muke magana.

Yanzu sai ciwon. Farantin bawul na silindar dama ya yi baƙi da gawayin ƙonannen mai, har ya yi ɓawo. Bawul ɗin fita ya karye a baki. Gasket ɗin kai kuma, wanda ke da ɗan siririn shinge tsakanin ɓangaren shiga da na fita, shingen ya ƙone ya tsinke. Ma'ana iskar da silindar ta matsa tana zagayowa ta koma inda ta fito. Wannan silinda ta daɗe tana aikin baban giwa. Alamar irin wannan ciwo, tun kafin a kwance, ita ce ka kara tafin hannu a bakin matacin iska ka ji yana huro maka maimakon ya zuƙa.

Na ce su nemo gutsuren da ya karye. Yayan ya ce ai ya tafi. Na ce ƙarfe ba ya narkewa a iska, yana wani wuri. Muka bi bututun da ke zuwa tanki, muka kwance bawul ɗin bakin tanki, wanda aikinsa shi ne ya bar iska ta shiga ya hana ta dawowa. Ga gutsuren nan ya maƙale a ciki ya hana shi rufuwa. Da mun gyara kai mun bar wannan, da tanki ya ci gaba da zubar da iskarsa ta baya muna zargin aikinmu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne me ya ƙona shi haka. Gyaran da bai gano sanadi ba, gyaran wata uku ne. Na sa aka auna fulin da ke jikin injin fetur: santimita 15. Babban fulin kai: santimita 30. Ƙa'idar mai sauƙi ce, juyin inji sau faɗin fulinsa, a raba da faɗin babban fuli. Irin waɗannan ƙananan injinan fetur suna yin juyi 3,000 zuwa 3,600 a minti idan an ba su wuta. Ko mun ɗauki 3,000, sau 15, a raba da 30, ya ba da 1,500. Kan da aka yi don 1,000 ana kora shi a 1,500 cikin zafin bazara. Aka shiga da fulin wurin mahaifin, yana kwance a kan katifa. Na ce, "Baba, wannan fulin da shi injin ya zo?" Magana tana yi masa wuya, amma ya yi murmushi da gefen bakinsa mai lafiya, ya girgiza kai. Matarsa ce ta ƙarasa: shi ya canza, lokacin da motoci suka yi masa yawa yana son tanki ya riƙa cika da sauri. Ya kuma riƙa zuba masa ragowar baƙin man mota. Man mota yana da sinadaran da aka zuba don injin da ke ƙona fetur, a kan bawul mai zafi kuwa gawayi suke zama. Kan injin iska nasa man daban ne, za ku ga an rubuta ISO 100 a jikin galan, ko SAE 30 marar sinadarin wanki.

Sauran binciken bai ɗauki lokaci ba. Muka zare silindun, na sa ɗalibin ya ja farcensa a cikin kowace. Idan farce ya maƙale a wani zane, sai an kai wa masu gyaran silinda. Nasa bai maƙale ba, sai dai cikin ya yi sulɓi kamar madubi, wanda shi ma ba a so, don sabon ringi ba ya zama a kan sulɓi. Muka cire tsohon ringi ɗaya muka saka shi shi kaɗai a cikin silinda, muka daidaita shi da kan fistan, muka auna tazarar bakinsa da fila geji. A silinda mai wannan faɗi ana son tazarar ta kasance wajen rubu'in milimita. Tamu ta haura milimita ɗaya. Kwanrod ba ya wasa sama da ƙasa a kan karanshaf, wannan babban sa'a ne. Boris ɗaya yana gurnani idan an juya shi.

Ga wani abu da zai yi muku amfani har a keke da injin niƙa: kowane boris yana da lamba a gefensa, kuma lambar ɗaya ce a duk duniya. Namu 6205. Daga 04 zuwa sama, idan ka ninka lambobi biyun ƙarshe da biyar, ka sami faɗin ramin tsakiya. 05 sau biyar, milimita 25. Ba ka bukatar sunan kamfanin da ya ƙera injin kafin ka sayi boris.

Ranar da suka tafi Kasuwar Ƙofar Ruwa na ba su takarda da awo a rubuce, na kuma sa suka ɗauki tsofaffin kayan a leda. Mai shago ba ya sayar da "irin na injin Baba". Amma ka ce ringin 65, ka ajiye masa samfur a kan tebur, magana ta ƙare. Suka dawo da ringi, da bawul, da boris, da oyilsil, da fuli mai santimita 10, da takardar gasket.

Haɗawa ta ci mana kwana uku, kuma mafi yawan lokacin a wanki ya tafi. Farantin bawul muka jiƙa a kananzir muka kankare, sannan muka shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashin taga muka riƙa goga shi a kai muna zana lamba 8, har fuskarsa ta yi fes ba tudu ba kwari. Gilashi ake amfani da shi saboda ya fi kowane tebur miƙewa. Cikin silinda aka goge shi da dutsen wasa na musamman har ya yi zane a gicciye, aka wanke da ruwan sabulu, aka shafa mai nan take don kada tsatsa ta kama. Gasket na tukunyar mai mu muka yanka: a ɗora takardar a kan ƙarfen a riƙa ƙwanƙwasa gefe-gefe da ƙaramar guduma har siffar ta fito. Na kai kuwa saye muka yi, domin kaurinsa yana cikin lissafi. Ya yi kauri, iska da yawa ta maƙale a saman fistan. Ya yi siriri, fistan ya daki bawul. Ringi kuma yana da sama da ƙasa, gefen da aka rubuta TOP ko aka yi wa ɗigo shi ke kallon sama, kuma ba a jera bakunansu a layi ɗaya, ana rarraba su kewaye da fistan. Ɗalibin ya karya ɗaya garin buɗe shi da yawa. Ya tsaya kamar zai yi kuka. Na ce masa ni uku na karya a rana ɗaya lokacin da nake koyo, kuma maigidana bai yi mini irin wannan sauƙin ba. Washegari aka sayo wani.

Akwai kibiya a jikin babban fuli. Hannayen fulin fanka ne, idan ya juya ta inda kibiyar ta nuna yana hura wa silindu iska, idan ya juya a baibai injin zai yi aiki amma zai dahu. Ku riƙa dubawa.

Na ɗauka mun gama da wahala, ashe tana gaba. Na ce a buɗe famfon da ke ƙarƙashin tanki. Ya ƙame, da alama ya yi shekaru ba a taɓa shi ba. Da muka cire shi da ƙyar, ruwa ja kamar na kududdufi ya kwararo, da ɓawon tsatsa a ciki. Ba wanda ya zuba ruwan. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da laima, balle da damina, idan aka matsa ta ta huce a tanki sai laimar ta koma ruwa ta kwanta a ƙasa tana cin ƙarfe daga ciki. Na bi gindin tankin da guduma. Sama yana ƙara rau, ƙasa yana amsawa dum kamar kwali. A wuri ɗaya na danna da sukundireba, ya huda.

Yayan ya ce abu mai sauƙi, gobe zai kai wa mai walda ya ɗige wurin. Na ce ba da ni ba. Ransa ya ɓaci, kuma na fahimce shi, kuɗinsu ya kusa ƙarewa, hutu saura mako biyu. Na sake miƙa wa ƙaninsa gawayi. Faɗin murfin tankin santimita 40. Rabi 20, sau 20, sau 3.14, ya ba da 1,256. Bar ɗaya kusan nauyin kilo ɗaya ne a kan kowane ɗan murabba'in santimita. A bar 8, sama da kilo 10,000 ke tura wannan murfi. Tan goma, a kan ƙarfen da sukundireba ya huda, a bakin titi inda mutane ke tsaye suna jiran taya. Ramin da ka gani shi ne wurin da tsatsa ta fara isowa waje, kewayensa duk ya zama siriri, kuma zafin walda ƙara raunana shi yake yi. Tankin iska idan ya tashi fashewa ba ya yoyo ya ba ka lokacin gudu, domin matsattsiyar iska kamar sifirin ce da aka danne, gaba ɗaya take sakin ƙarfinta. Saboda haka ne masu gwada tanki ba sa gwadawa da iska. Cika shi suke yi da ruwa taf, su matsa har ya kai ninki ɗaya da rabi na matsin aikinsa. Ruwa ba ya matsuwa, idan tankin ya gaza sai dai ya tsage ya tsiyaye. Wannan ba aikin ɗalibi ba ne, na masana ne.

Mahaifiyarsu tana jin mu daga tsakar gida. Ta leƙo ta ce, "Malam, idan aka sa wannan zai iya kashe mini yaro?" Na ce, "Hajiya, zai iya." Ta ce to a bar shi. Kuɗin adashinta da za ta ɗauka a ƙarshen wata ta roƙa aka ba ta da wuri. Muka sami tanki na hannu mai lita 100 wanda allonsa ke nan da matsin aikinsa a rubuce, aka gwada shi da ruwa a gabana. Muka saka sabon geji da sabon bawul ɗin kariya, wannan mai ɗan zobe da ke buɗewa da kansa idan matsi ya wuce ƙa'ida. Na sha ganin inda aka ɗaure shi da waya ko aka toshe shi da noti wai yana zubar da iska. Duk inda kuka ga haka, ku matsa nesa. Tsohon tankin kuwa 'yan gwangwan sun samu, amma sai da na sa aka tsaga shi da zarto, don kada wani ya saya ya yi masa fenti ya sayar.

Mun kuma yi wa bel ɗin murfi da ragar ƙarfe. Hannun riga, gefen hijabi ko bakin rawani, bel ba ya tambaya kafin ya ja. Sannan ina roƙonku, kada wanda ya taɓa nuna wa ɗan'uwansa tiyon iska da sunan wasa. Iska mai wannan matsi tana fasa dodon kunne, tana lalata ido, idan ta shiga jiki tana kisa.

Ranar tayarwa muka zuba mai zuwa tsakiyar gilashi, muka juya fuli da hannu muka ji ba inda yake kamawa. Muka tayar, muka bar famfon tanki a buɗe na rabin sa'a don ringi su zauna ba tare da nauyi ba. Bayan ya huce muka ƙara ɗaure notocin kai. Sannan aka rufe famfo, ɗalibin ya riƙe agogon waya. Boyle ya sake dawowa: kafin geji ya nuna bar 8 a tanki mai lita 100, sai an cusa masa kimanin lita 800 na iskar waje. Allura ta kai 8 a minti uku da daƙiƙa arba'in. A raba 800 da wannan lokaci, kusan lita 218 a minti. Ga kan da ringinsa ba su gama zama ba, ban da ƙorafi. Muka shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa, wuri ɗaya ya yi kumfa, muka ɗaure.

An fito da mahaifin zaure a kan kujera. Bai kalli geji ba, kunne ya kasa. Can ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna bel. Muka kashe muka duba, ya ɗan yi sako-sako, yana wani siririn kuka da mu duka ba mu ji ba.

Yayan ya koma inuwar da mahaifinsu ke zama tun makon jiya. Ƙanin yana aji, kuma buɗe famfon ƙarƙashin tanki kowace yamma an bar masa.

Ga aikinku na wannan mako. Wani kai yana da silinda biyu, faɗin kowace santimita 5, tafiyar fistan santimita 4, ana son ya yi juyi 900 a minti. Lita nawa zai zuƙa a minti a kan takarda? Idan babban fulinsa santimita 28 ne, kuma motar lantarki mai juyi 2,800 a minti za ta ja shi, fuli mai faɗin nawa za a saka mata? Ku aiko da amsa tare da yadda kuka bi kuka same ta, da sunan makaranta da aji. Amsa ba lissafi ba zan karɓa ba. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.